Yuriko Koike: Tokyo ta zaɓe ta sau uku, kujerar firaminista ta gagare ta

Mutum 56 ne suka tsaya takarar gwamnan Tokyo a zaɓen 7 ga Yulin 2024, har allunan da hukumar zaɓe ta kafa don manna fosta, masu gurbi 48, suka kasa ɗaukar kowa. Da aka gama ƙirga, Yuriko Koike ta tashi da ƙuri'a wajen miliyan 2.9, wanda ke bin ta a baya kuma bai kai miliyan 1.7 ba. Karo na uku ke nan a jere. Kujerar ba ƙarama ba ce: Tokyo na da mutane kimanin miliyan 14, babban kasafin kuɗinta na shekara kuwa ya haura yen tiriliyan 8, abin da ƙasashe da yawa ba su kai ba.

Duk da haka ba gwamna Koike ta so zama ba tun farko. Shekaru da dama sunanta ne ke fara zuwa baki in ana lissafin wadda za ta zama mace ta farko firaministar Japan. Ta nemi kujerar ta cikin jam'iyya mai mulki, ta kuma neme ta ta waje, duka biyun ba ta samu ba. Dalili, a ganina, yana cikin irin ƙarfin da ta tara. Ƙarfinta na gaban kyamara ne da akwatin zaɓe, inda ita kaɗai take tsaye tana fuskantar wani babba da jama'a suka gaji da shi. Gwamnan Tokyo jama'a ke zaɓensa kai tsaye. Firaminista kuwa 'yan majalisa ke zaɓensa, kuma su ba sa mance wanda ya zauna da su lokacin wuya da wanda ya tashi ya bar su.

An haife ta ranar 15 ga Yulin 1952 a Ashiya, garin masu hannu da shuni a lardin Hyogo. Mahaifinta ɗan kasuwa ne mai harkar man fetur, ya taɓa neman kujerar majalisa a 1969 bai ci ba. A 1971 ta ajiye karatunta a Jami'ar Kwansei Gakuin ta tafi Masar koyon Larabci, abin da ba kasafai budurwar Japan ke yi ba a wancan zamani. Ta fara a Jami'ar Amurka da ke Alƙahira, sannan ta shiga Jami'ar Alƙahira, sashen nazarin zamantakewa. Tana can aka yi yaƙin Oktoban 1973, aka kuma yi takunkumin man fetur da ya girgiza Japan, ƙasar da kusan duk man da take ƙonawa daga waje yake zuwa. Nan da nan mai jin Larabci ya yi daraja. Da ta koma gida ta yi aikin tafinta, a 1978 kuma ta shiga hirar da gidan talabijin na Nippon ya yi da Mu'ammar Gaddafi da Yasser Arafat. Daga nan talabijin ta riƙe ta. A 1988 ita ce ta fara gabatar da shirin labaran tattalin arziki na dare na tashar TV Tokyo, shirin da manyan 'yan kasuwa ke kallo kafin su kwanta.

Shekarun talabijin ɗin nan su ne makarantarta ta gaske. Can ta koyi cewa jimla ɗaya gajera ta fi jawabin awa guda tafiya, da cewa mai kallo na tuna launi da fuska ko da ya mance hujja.

Ta shiga siyasa a 1992 ƙarƙashin sabuwar jam'iyyar Morihiro Hosokawa, ta ci kujerar majalisar dattawa, shekara ɗaya bayan haka ta koma majalisar wakilai daga Hyogo. A wannan shekarar ta 1993 ne LDP, babbar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Japan, ta rasa mulki karon farko tun kafa ta a 1955, Hosokawa ya zama firaminista. Gwamnatinsa ba ta cika shekara ba. Koike ta bi Ichiro Ozawa, gwanin ƙulle-ƙullen siyasar lokacin, ta jam'iyyu biyu. A 2000 ta rabu da shi ta shiga wata ƙaramar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. A ƙarshen 2002 sai ga ta a LDP ɗin da ta shigo siyasa don kayarwa. Jam'iyya biyar cikin shekara goma. Jaridu suka laƙaba mata "tsuntsuwa mai ƙaura". Sai dai adalci shi ne a faɗa cewa jam'iyyun 'yan adawa na shekarun 1990 rushewa suke yi da kansu, ba ita kaɗai ta yi ta sauya sheƙa ba. Abin da ya bambanta ta shi ne duk inda ta sauka, kusa da mai gidan take sauka.

A LDP mai gidan shi ne Firaminista Junichiro Koizumi, wanda ya naɗa ta ministar muhalli a Satumbar 2003. Ma'aikata ce da manyan jam'iyya ba sa rububi, amma Koike ta fito da abin da har yau ake tuna ta da shi. A bazarar 2005 ta ƙaddamar da shirin Cool Biz: ofisoshin gwamnati su saita na'urar sanyaya ɗaki a digiri 28, ma'aikata kuma su ajiye kwat da nektayi daga Yuni zuwa Satumba. A ƙasar da ma'aikaci ke jin tsirara yake in ya je ofis babu kwat, ba a sa dokar dole ba. Sai aka sa manya su fara. Koizumi da kansa ya fito da riga mai buɗaɗɗen wuya irin ta mutanen Okinawa, ministoci suka bi, shugabannin kamfanoni suka bi, ƙaramin ma'aikaci ya samu damar cire tasa ba tare da an harare shi ba. Masu ɗinka nektayi sun yi ƙorafi, amma al'adar ta zauna, ta kuma ƙara ƙarfi bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima na 2011 da ya jawo ƙarancin lantarki.

A wannan bazarar dai majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudurin Koizumi na sayar da hukumar gidan waya. Sai ya rusa majalisar wakilai, ya hana 'yan jam'iyyarsa da suka bijire masa tikiti, ya tura wasu su kayar da su a mazaɓunsu. Jaridu suka kira waɗannan 'yan takara "makasa". Koike ce ta fara ɗaga hannu. Ta bar mazaɓarta ta Hyogo ta koma mazaɓa ta 10 a Tokyo, yankin Ikebukuro, ta kayar da Koki Kobayashi a zaɓen 11 ga Satumba, LDP kuma ta kwashe kujera 296 cikin 480. Da wannan ta zama 'yar Tokyo.

A Yulin 2007 Firaminista Shinzo Abe ya ba ta ma'aikatar tsaro, mace ta farko da ta riƙe ta, bayan Fumio Kyuma ya sauka saboda maganar da ya yi kan bam ɗin nukiliyar da aka jefa wa Japan. Ba ta cika wata biyu ba, kuma rabin lokacin a rigima da babban sakataren ma'aikatar, Takemasa Moriya, ta ƙare shi, tana neman a cire shi. Kafin shekarar ta ƙare aka kama Moriya da laifin cin hanci. A 2008 ta tsaya takarar shugabancin LDP, kujerar da mai ita ke zama firaminista in jam'iyyar na mulki, nan ma ita ce mace ta farko, ta zo ta uku da ƙuri'a 46 yayin da Taro Aso ya samu 351. Wannan adadin ya nuna iyakarta a cikin gida. A takarar shugabancin jam'iyyar ta 2012 ta mara wa Shigeru Ishiba baya a kan Abe; Abe ya ci, ya koma mulki, aka mai da ita saniyar ware. Shekara kusan huɗu ba kujerar minista.

Sai 2016 ta zo mata da dama. Gwamnonin Tokyo biyu a jere sun sauka kan batun kuɗi: Naoki Inose a ƙarshen 2013 saboda yen miliyan 50 da ya karɓa daga wata ƙungiyar asibitoci, Yoichi Masuzoe kuma a Yunin 2016 saboda kashe kuɗin siyasa kan hidimomin kansa. Koike ba ta jira jam'iyya ba, ta fito ta ce za ta tsaya, ta kwatanta matakin da faɗawa daga kan dutse. Reshen LDP na Tokyo ya fusata, ya tsayar da Hiroya Masuda, tsohon gwamnan Iwate, 'yan adawa kuma suka haɗu kan ɗan jarida Shuntaro Torigoe.

Daga nan LDP ta yi ta miƙa mata makami da hannunta. Reshen ya fitar da takarda yana barazanar hukunta duk ɗan majalisar da ya goyi bayan wanda jam'iyya ba ta tsayar ba, har ma in wani danginsa ne ya yi. Tsohon gwamna Shintaro Ishihara, wanda ɗansa ke shugabancin reshen, ya hau mumbari ya ce ba za a bar Tokyo a hannun tsohuwa mai lafta kwalliya ba. Koike ba ta rama zagin ba. Ta gaya wa taron magoya bayanta cewa tana da tabo a fuska, shi take rufewa. Ita kuwa ta riƙa kiran reshen jam'iyyar "baƙin akwati" da ba a san wa ke yanke hukunci a cikinsa ba, kowa kuma ya san da Shigeru Uchida take, dattijon ɗan majalisar birni da ake ce wa uban gidan majalisar. Ta roƙi masu zuwa taronta kowa ya zo da abu kore. Suka zo da gyale da tawul da hula, wasu har kayan lambu suka riƙa ɗagawa sama. Ranar 31 ga Yuli ta samu ƙuri'a miliyan 2.91, Masuda miliyan 1.79, Torigoe miliyan 1.35. Mako uku bayan haka duniya ta gan ta cikin kimono a filin wasa na Rio, ana ruwan sama, tana karɓar tutar gasar Olamfik.

Gwajinta na farko shi ne kasuwar kifi ta Tsukiji, wadda ke aiki tun 1935. An riga an gina sabuwa a Toyosu, a filin da kamfanin Tokyo Gas ya taɓa yin masana'anta, an sa 7 ga Nuwamban 2016 ranar ƙaura. Koike ta ɗage ranar. Ba a jima ba aka gano cewa ƙasa mai tsabta da aka yi wa jama'a alkawarin shimfiɗawa ƙarƙashin gine-ginen don toshe guba ba a shimfiɗa ta ba, ramuka ne kawai ruwa na kwance a ciki. A Janairun 2017 gwajin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya nuna sinadarin benzin ninki 79 na abin da doka ta amince. Talabijin ta yi watanni tana nuna ramukan nan, har aka kira Ishihara gaban kwamitin bincike na majalisar birni. Koike ta yi gaskiya da ta tona. Amma ina aka kwana? An yi ƙarin gyara, aka koma Toyosu ɗin a Oktoban 2018, kusan shekara biyu a makare, birni na biyan kuɗin kula da kasuwar da babu kowa ciki da diyyar 'yan kasuwar da suka riga suka sayi firji da kayan aiki. Alkawarin da ta yi na kare Tsukiji kuwa bai hana a rushe ta ba. Haka filayen Olamfik uku da ta ce a sake dubawa: inda aka tsara tun farko nan aka gina su, da ɗan ragin kuɗi. Tono ya fi gini yawa a shekararta ta farko.

Masu zaɓe ba su damu ba tukuna. A zaɓen majalisar birni na 2 ga Yulin 2017 sabuwar jam'iyyarta, Tomin First, da ƙawayenta suka kwashe kujera 79 cikin 127, LDP ta faɗo zuwa 23, abin da ba ta taɓa gani ba a lokacin.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin lamarin. Abe na fama da zarge-zargen fifita abokai a harkar wasu makarantu biyu, farin jininsa ya ragu, sai ya yi niyyar kiran zaɓen gaggawa kafin 'yan adawa su shirya. Ranar 25 ga Satumban 2017, sa'o'i kaɗan kafin ya sanar, Koike ta riga shi gaban 'yan jarida ta ce ta kafa jam'iyyar ƙasa, Kibo no To, Jam'iyyar Fata. Kwana uku bayan haka Seiji Maehara, shugaban babbar jam'iyyar adawa ta Demokuraɗiyya, ya shawo kan 'yan majalisarsa su ajiye tutarsu su nemi tikiti a wajenta, da fahimtar cewa kowa zai samu shiga. Jam'iyya ce mai kuɗi a asusu, mai rassa a duk ƙasa, mai goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, aka miƙa mata ita kyauta. A kwanakin nan manyan LDP sun tsorata da gaske.

Koike kuwa mai ra'ayin riƙau ce a harkar tsaro, tana goyon bayan dokokin tsaro na 2015 da gyara tsarin mulki, ga shi da yawa daga cikin masu shigowa sun yaƙi waɗannan dokokin. Ranar 29 ga Satumba ta ce sam ba ta da niyyar karɓar kowa da kowa. A taron manema labarai na wannan ranar wani ɗan jarida ya tambaye ta ko za ta ware masu sassaucin ra'ayi, ta yi murmushi ta ce za ta ware su.

A ƙa'ida ba ta faɗi abin kunya ba, don jam'iyyar da ba ta da matsaya ɗaya kan tsaro ba za ta iya mulki ba. Amma shekara ɗaya kacal da ta wuce mutane sun zaɓe ta ne a matsayin wadda manya suka rufe wa ƙofa. Yanzu sai ga ta ita ce mai rufewa, tana murmushi. Talabijin ɗin da ta raine ta ta yi ta maimaita wannan 'yan daƙiƙoƙi safe da yamma. Cikin kwana uku Yukio Edano ya tara waɗanda aka ware ya kafa sabuwar jam'iyyar adawa mai suna CDP, tausayin jama'a ya koma kansa. Wasu 'yan majalisar birni biyu da suka mara mata baya tun ranar farko suka fice daga Tomin First, suna cewa ita ma ta zama baƙin akwati.

Ga kuma matsalar da ta fi maganar girma. Tsarin mulkin Japan ya ce firaminista sai ɗan majalisa. In Koike na son kujerar, sai ta ajiye gwamna, shekara ɗaya da hawa, Olamfik na tafe. Ba ta ajiye ba, ba ta kuma faɗi wanda jam'iyyarta za ta tsayar firaminista ba. Aka je zaɓe da jam'iyyar da ke neman mulki ba ta da ɗan takarar mulki. Ranar 22 ga Oktoba Kibo, da 'yan takara 235, ta samu kujera 50. CDP da aka kafa jiya-jiya ta samu 55. LDP ta kwashe 284 saboda ƙuri'ar adawa ta rabu. Koike na Paris wajen taron manyan birane lokacin da sakamako ke fitowa. A Nuwamba ta ajiye shugabancin jam'iyyar.

Wadda ta dawo daga wannan kayen wata Koike ce dabam, mai taka-tsantsan, mai gyara tsakaninta da manyan LDP irin su Toshihiro Nikai. Annobar korona ta sake fito da gwanintarta. Daga Maris ɗin 2020 kusan kullum tana gaban kyamara da allo a hannu, tana gargaɗi kan cunkoso iri uku: rufaffen wuri, taron jama'a da kusantar juna. Wannan furuci shi aka zaɓa kalmar shekara a Japan. Ta riƙa ja-in-ja da gwamnatin Abe kan waɗanne shaguna za a rufe, ta kuma biya masu shagunan da suka rufe daga asusun birni, abin da lardunan da ba su kai Tokyo arziki ba suka sha wuya kafin su kwaikwaya. A Yulin 2020 ta ci zaɓe da ƙuri'a miliyan 3.66 ba tare da ta yi yawon kamfe a titi ba. Olamfik ɗin da ta karɓo tutarsa a Rio an yi shi a 2021, kusan duk filayen babu 'yan kallo.

Maganar digirinta na Alƙahira ta daɗe tana bin ta, kuma mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga rigimar takardar makarantar ɗan takara da ke tasowa duk gab da zaɓe. A 2020 wani littafi ya kawo shaidar wata da suka zauna ɗaki ɗaya a Masar, wadda ta ce Koike ba ta kammala ba. Jami'ar Alƙahira ta fitar da sanarwa ta ofishin jakadancin Masar a Tokyo cewa ta kammala a Oktoban 1976, ita ma ta nuna wa 'yan jarida takardunta. A 2024 wani tsohon na hannun damanta ya ce daga ɓangarenta aka shirya waccan sanarwa, ta musanta. Sau biyu aka tayar da zancen ana dab da zaɓe, sau biyu ta ci.

Aikinta na gwamna ya cakuɗe. Cikin abubuwa bakwai da ta yi alkawarin mayarwa sifiri a 2016, jerin yaran da ke jiran gurbi a gidajen reno ya sauko daga sama da 8,000 zuwa ƙasa da 400, wannan kuwa babban abu ne ga uwa mai aiki. Cunkoson jirgin ƙasa da turakun lantarki na kan titi suna nan. Ta fito da tallafin yen 5,000 duk wata ga kowane yaro har shekara 18, ta cire sharaɗin samun iyaye daga tallafin kuɗin makarantar sakandare, ta wajabta wa manyan kamfanonin gina gidaje sa faifan sola daga Afrilun 2025. Duk da haka matsakaicin haihuwa a Tokyo ya faɗi zuwa 0.99 ga kowace mace a 2023, mafi ƙanƙanta a ƙasar. Akwai kuma abin da nake ganin tabo ne: tun 2017 ta daina aika saƙon ta'aziyya ga taron tunawa da Koriyawan da aka kashe bayan girgizar ƙasar Kanto ta 1923, saƙon da ko Ishihara, da duk zafin kishin ƙasarsa, yana aikawa. Hujjarta ita ce tana yi wa dukan mamatan ta'aziyya a dunƙule. Amma wanda gini ya danne da wanda mutane suka kashe saboda jita-jita ba mutuwa ɗaya suka yi ba.

A zaɓen 2024 LDP, wadda badaƙalar kuɗin ɓangarorinta ta dabaibaye, ba ta tsayar da kowa ba, ta mara wa Koike baya a ɓoye, ita kuma ta karɓa ba tare da ta bari an ga tutarsu a bayanta ba. Renho, tsohuwar 'yar majalisar dattawa wadda CDP da 'yan kwaminis suka goya wa baya, ta zo ta uku, bayan Shinji Ishimaru, tsohon magajin wani ƙaramin gari da ya yi kamfensa ta YouTube.

Ranar 21 ga Oktoban 2025 majalisa ta zaɓi Sanae Takaichi firaminista, mace ta farko. Ita ma ta yi aikin talabijin, ita ma a 1993 ta fara shiga majalisar wakilai, shekara ɗaya da Koike da Abe. Takaichi ta shiga LDP a 1996 ta zauna, ta tsaya bayan Abe lokacin da yake sama da lokacin da ya faɗi, ta nemi shugabancin jam'iyya a 2021 da 2024 ta sha kaye, ta ci a karo na uku. Wa'adin Koike na yanzu zai ƙare a Yulin 2028, tana da shekara 76.